Rufaffen Gida a Zanen Tafiyar Aiki

Mai yiwuwa ne wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai, da ya ga kan wannan rubutu, ya ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan ɗalibin Hausa da zane-zanen ma'aikatan kamfani da masu kwamfuta? Amsar da zan bayar ita ce, abin da waɗannan mutane suke zanawa jimla ce irin wadda muke feɗewa a darasin nahawu. Kowane ɗan akwati a zanensu yana ɗauke da aikatau da karɓau, kamar "auna buhu" ko "rubuta rasit", sa'an nan wurin da aka ajiye akwatin shi ke nuna aikau. Tun da kuwa haka ne, mu ma muna da ta cewa a ciki, musamman kan wata matsala da ta daɗe tana damun masu wannan sana'a, watau yadda za a zana mutumin da yake da hannu a cikin aiki alhali ba ɗan gida ba ne.

Bari in ɗan gabatar da abin ga wanda bai taɓa ganinsa ba. Zanen tafiyar aiki shi ne a ɗauki wani aiki da ake maimaitawa kullum a ma'aikata ko a kasuwa, a shimfiɗa shi a takarda mataki-mataki, daga inda yake farawa har inda yake ƙarewa. Abin ba sabo ba ne, domin tun a 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar da irinsa ga ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, suna neman hanyar rage wahalar banza a masana'antu. Amma ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce wadda ake kira BPMN a taƙaice. An fitar da ita a 2004, ƙungiyar OMG ta karɓi kula da ita bayan haɗewar da aka yi a 2005, aka fitar da bugu na biyu a 2011, sa'an nan a 2013 hukumar ISO ta amince da ita. Alamominta na asali ba su da wuyar riƙewa. Da'ira tana nuna aukuwar wani abu, kamar farawa ko ƙarewa ko isowar saƙo. Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi yana nuna aiki. Murabba'in da aka kafa bisa kusurwarsa ɗaya kuwa mararraba ce, inda hanya takan rabu.

Duk waɗannan alamomi ana zuba su ne cikin wani dogon fili mai iyaka, wanda ke wakiltar mai aikin, ko kamfani ne ko ofis ko shago. Waɗanda suka tsara ƙa'idar sun aro sunan wannan fili daga wurin gasar ninkaya da akan raba layi-layi, kowane mai iyo da layinsa. Wannan kwatanci bai yi wa kunnen Bahaushe komai ba, saboda haka a nan zan kira babban filin gida, layukan da ke cikinsa kuma in kira su sassa, kamar yadda babban gida yakan kasu sashen wane da sashen wane amma mai gida ɗaya ne. Akwai kuma kibiya iri biyu. Ta farko miƙaƙƙen layi ne mai cikakken tsini, tana cewa in an gama wannan sai a shiga wancan. Zan kira ta kibiyar jeri. Ta biyu tsittsinkakken layi ne kamar ɗinkin hannu, da 'yar da'ira a gindinta da buɗaɗɗen tsini a kanta, tana cewa wane ya aika wa wane da wani abu. Zan kira ta kibiyar aike. Dokar da ta raba su ita ce ginshiƙin maganata. Kibiyar jeri tana iya ratsa sassan gida yadda ta ga dama, amma ba ta tsallake katanga. Kibiyar aike kuwa ba ta yawo a cikin gida, aikinta daga wannan gida zuwa wancan ne kawai.

Na san wannan doka ne ta hanyar wani abokina ɗalibin kimiyyar kwamfuta, wanda aka ba shi aikin ya zana tafiyar wani ciniki na gaske. Da yake nakan yi dogon hutu a sito na wani kawuna mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, sai ya roƙe ni in kai shi, in kuma zama tafinta tsakanin alamominsa da bakin 'yan kasuwa. Muka sami Kawu bayan an gama lodin wata mota, muka gaisa, abokina ya buɗe littafinsa ya ce, "Alhaji, don Allah a ba mu labarin yadda ciniki yake tafiya, tun daga zuwan mai saye har fitar kaya."

Kawu ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, ɗana. In an zo, sai a ga kaya, a taya. In an daidaita sai a auna, a biya, a yi lodi, shi ke nan an tafi."

Ga jimla mai aikatau kusan goma, amma babu aikau ko ɗaya a fili. Wannan "an" da "a" da "aka" namu, waɗanda muke sha'awarsu a aji saboda yadda suke sakaya mai aiki don ladabi ko don taƙaitawa, su ne suka hana alƙalamin abokina motsi. Zane ba ya karɓar "an biya". Dole akwatin ya zauna a wani gida, kuma kafin a zaunar da shi sai an tambaya wa ya yi. Da muka bi jimlar Kawu muna warware ta, sai ga shi "an" ɗin nan ya haifi mutum bakwai: Kawu da kansa, da akawunsa, da yaron sito mai kula da sikeli, da mai saye, da dillalin da ya kawo shi, da 'yan dako, da kuma banki, wanda ko sunansa bai fito a jimlar ba.

To, wa ke ciki, wa ke waje? Abu na farko da zai zo wa mutum a rai shi ne ya duba wurin zama, ya ce duk wanda ke cikin sito ɗan gida ne. Wannan ma'auni ba ya kai mutum ko'ina, domin mai saye yakan wuni a kan benci a cikin siton, akawu kuwa wani lokaci yana can wata kasuwar ƙauye yana sayen kaya. A nawa ɗan nazarin, Hausa ta riga ta tanadi ma'aunin da ya fi wannan a cikin ɗan ƙaramin aikatau "sa". Kawu yana iya cewa "na sa yaro ya auna buhu hamsin", kuma da ya faɗa an gama, awo zai biyo baya. Amma ba ya iya cewa "na sa mai saye ya biya", ko "na sa banki ya shigar da kuɗi". Iyakarsa ya ce "na nemi ya biya", ko "na tura masa lambar asusu". Duk wanda "sa" ta hau kansa ba tare da jimlar ta yi wa kunne nauyi ba, sashe ne a gidanka, kibiyar jeri tana isa gare shi. Wanda kuwa sai dai "nema" ko "roƙa" ko "aika wa", wannan gidansa daban, kibiyar aike kaɗai ke tsakaninku.

Da aka ware na waje, sai tambaya ta biyu ta taso, watau me za a zana a cikin gidansu. Ƙa'idar ta yarda a zana gidan na waje a bar shi fayau, ba akwati ba da'ira, sai sunansa kawai, kibiyoyin aike kuma su tsaya a jikin katangarsa. Wannan shi nake kira rufaffen gida. Bruce Silver, wanda littafinsa kan salon amfani da BPMN ya fito a 2009, yana cikin masu ba da shawarar a zana mai saye ta wannan hanya, a kuma rubuta sunan kowane saƙo a jikin kibiyarsa. Tunanin ma ya girmi BPMN. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Tom DeMarco da Chris Gane da Trish Sarson suke koyar da zanen kwararar bayanai, sun ware wa na waje alama tasa a gefen takarda, a matsayin mafarin bayani ko matuƙarsa, ba a bin abin da yake yi da shi, har ma akan hana a ja layi kai tsaye tsakanin na waje biyu, tun da abin da ke tsakaninsu ba hurumin mai zanen ba ne.

Abokina bai so wannan ba da farko. A ganinsa fili fayau alamar ragwanci ce, kuma malaminsa zai ce bai yi bincike ba. Ya so ya cika gidan mai saye da akwatuna: ya duba kaya, ya yi shawara, ya buɗe waya, ya tura kuɗi. Ni kuwa ina ganin barin gidan a rufe ya fi kusa da gaskiya, kuma dalilina daga bencin siton na samo shi. Na ga mai sayen da yake biya daga aljihunsa nan take. Na ga wanda wakili ne kawai, sai ya buga waya Legas ko Maraɗi an ba shi izini. Na ga wanda yakan ba da kafin alƙalami ya tafi neman cikon kuɗi wurin abokan haɗin gwiwarsa, ya dawo bayan kwana biyu. Wanne daga cikinsu za a zana? Duk wanda aka zaɓa, an yi wa sauran ƙarya, kuma ƙaryar ba a takarda za ta tsaya ba, domin irin wannan zane shi akan miƙa wa mai rubuta manhaja ya gina a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da Kawu ya sani tabbas game da kowane mai saye shi ne abin da ya fito daga bakinsa ko hannunsa ya iso sito, da abin da ya fita daga sito ya isa gare shi.

A nan ne na ga wani abin da ya faranta mini rai a matsayina na ɗalibin harshe. Cinikin Bahaushe tun asali a kan kibiyar aike aka gina shi, kuma kowane saƙo da sunansa. Mai saye ya yi tayi. Mai kaya ya ce "albarka", watau bai karɓa ba amma ƙofa a buɗe take. Mai saye ya ƙara. In farashi ya kai, mai kaya ya ce "na sallama". Ba wanda ya san abin da ke cikin zuciyar ɗan'uwansa, mai saye bai san nawa aka sayo kayan ba, mai kaya bai san iyakar kuɗin da ke aljihun mai saye ba, amma ciniki yana faɗawa lafiya lau saboda an san saƙonnin, an san wanda ke bin wani, an kuma san wanda in ya fita ba a janye shi. Da muka rubuta "tayi" da "albarka" da "sallamawa" a jikin kibiyoyi uku, ba mu bukaci aron kalma ko ɗaya ba. Har na lura, ko da yake wannan ratse ne, cewa kalmar da muke neman izinin shiga gidan mutum da ita, da wadda muke sakin kaya da ita, tushensu ɗaya, kuma dukansu a bakin iyaka ake faɗinsu.

Sai dai rufaffen gida yana zuwa da wani sharaɗi wanda in an manta da shi zanen ya zama tarko. Tun da ka yarda ba ka da iko da abin da ke cikin gidan wani, to ka yarda ke nan cewa saƙon da kake jira yana iya makara, yana iya zuwa a karkace, yana iya ƙin zuwa sam. Misalin da kowane ɗan kasuwa zai gane shi ne na banki. Tun 2011 aka ɓullo da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Nijeriya, amma 'yan kasuwa da yawa ba su rungumi taransifa sosai ba sai a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Daga nan jimlar "an biya" ta rabu biyu. Akwai saƙon da ke zuwa wayar mai saye cewa an cire masa kuɗi, akwai kuma saƙon da ke zuwa wayar mai kaya cewa kuɗi sun shigo. Tsakanin waɗannan biyu akwai bankin mai saye, da bankin mai kaya, da mai shiga tsakaninsu, gidaje uku rufaffu waɗanda mai sito ba ya ganin cikin ko ɗaya.

Wanda ya zana banki a matsayin sashe a cikin gidansa, ya ja kibiyar jeri daga "tura kuɗi" zuwa "yi lodi", ya ɗauka ke nan cewa ɗayan yana bin ɗayan kamar yadda awo ke bin umurnin Kawu. Yaron da aka koya wa aiki da wannan zane zai saki kaya da ganin hoton rasit a wayar baƙo, kuma an sha jin yadda ake damfarar 'yan kasuwa da alat na bogi ta wannan kafa. Wanda kuwa ya ajiye banki a waje, dole ya zana da'irar jira, ya rubuta a jikinta ainihin saƙon da ake jira, watau shigar kuɗi a asusun mai kaya. Daga nan tambayar da ba a so ta fito fili: in bai zo ba fa? Ƙa'idar ta tanadi wata irin mararraba wadda ba mutum ke zaɓar hanya a cikinta ba, abin da ya riga aukuwa shi ke zaɓa. A reshe ɗaya a sa da'irar saƙo, a ɗayan a sa da'ira mai hoton agogo. In saƙo ya riga, a yi lodi. In agogo ya riga, a bi wata hanya.

Da abokina ya tambayi Kawu awa nawa za a rubuta a jikin agogon, sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wannan ai ya danganta da mutum. In wanda muka saba ne, ya ɗauki kayansa ya tafi, kuɗi sa zo. In baƙo ne, ko dillalinsa ya tsaya masa, ko kaya su kwana." Ashe akwai doka, har da rassanta uku, wadda take aiki shekara da shekaru a cikin kan mutum ɗaya, ba akawu ba yaron sito da ya taɓa jin ta a jere. Fayau ɗin da aka bari a gidan banki shi ya tono ta.

Akwai suka guda da nake ganin tana da nauyi, ba kuma zan ɓoye ta ba. In kullum gidan mai saye a rufe yake, wahalarsa ma a rufe take. Zanen zai nuna da'irar jira tsaf, amma ba zai nuna mutumin da ya biya kuɗin mota tana tsaye, direba yana masa ƙorafi, dare yana yi, ga kuɗinsa sun fita ga kaya ba su fito ba. Ma'aikatu da yawa suna da zane mai kyau a bango alhali mutane suna shan rana a ƙofarsu, domin layin da ake bi a waje ba ya cikin abin da aka zana. Wannan ne ya sa masu nazarin hidima suka bi wata hanya dabam. A 1984 Lynn Shostack ta bayyana wani irin zane da ke raba abin da mai saye yake gani da abin da ake yi a bayan fage, waɗanda suka biyo bayanta kuma suka ɗora matakan mai saye a saman takarda, sauran aiki duka a ƙarƙashinsu. A ganina kowane zane da tambayar da yake amsawa. In ana son a san abin da yaron sito zai yi gobe da safe, a rufe gidan mai saye. In ana son a san dalilin da ya sa masu saye suke komawa siton maƙwabci, to sai a tashi a je a yi sallama a gidan, a tambaye su, a zana abin da suka faɗa da bakinsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zauna a ofis a cika gidan mutum da zato.

Saura mutum biyu da suka fi ba mu wuya. Ɗan dako ba ma'aikacin Kawu ba ne, ba shi da albashi, ana biyansa ne bisa yawan buhunan da ya ɗauka, kuma yana iya yi wa sito biyar aiki a wuni ɗaya. Amma da zarar ya karɓi lodi, "sa" tana hawa kansa: a ce ya fara da wake, ya fara da wake. Saboda haka muka raba abin biyu, neman 'yan dako ya zama aike zuwa waje, tun da suna iya cewa suna da wani lodin, lodin kansa kuma ya zama aiki a wani sashe na cikin gida.

Dillali ya fi wannan sarƙaƙiya. Shi ya kawo mai saye, shi yake rarrashin mai kaya, wani lokaci shi yake tsaya wa baƙo, kuma la'adarsa tana fitowa ne in ciniki ya faɗa, ko wa ya ji daɗin farashin. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa suke sauka wurin mai gida, shi kuma ya sa dillalansa su sayar wa mahauta bashi, ya kuma ɗauki lamunin kuɗin. A wancan tsari, in mai gidan ne yake zane, dillali sashe ne a gidansa, domin yana iya sa shi. In bafatake ne yake zane, mai gida da dillalansa duka rufaffen gida ɗaya ne, ya miƙa shanu ya jira kuɗi. A siton Kawu kuwa dillalin ba yaron kowa ba ne, yau ya kawo maka mai saye, gobe ya kai shi wurin maƙwabcinka. Muka ba shi gidansa shi kaɗai a tsakanin gidan Kawu da na mai saye, muka ja kibiyoyi huɗu zuwa katangarsa: tayin da yake kawowa, da amsar da yake komawa da ita, da lamunin da yakan bayar in kuɗi sun makara, da la'adar da ake miƙa masa bayan mota ta tashi.